Me leda ke yi wa yankakkiyar kankana?

A duk lokacin da zafi ya kama, musamman idan ya haɗu da watan azumi, cinikin yankakkiyar kankana da abarba da gwanda kan bunƙasa a kudancin jihar Katsina, kama daga Funtua da Malumfashi har zuwa ƙananan garuruwa irin su Tsiga da ke ƙaramar hukumar Bakori.

Galibi akan ƙulle kowane yanki a cikin farar leda, a jera a kan tire ko baro, a bakin tasha ko ƙofar masallaci. Haka ma masu kayan miya da na salak suke yi wa yankakken kabeji da karas da latas.

Mai saye kan ɗauki ledar a matsayin shaidar tsafta, tun da yana gani da idonsa cewa ƙuda bai sauka a kan abin da zai ci ba.

To sai dai masana kimiyyar abinci na cewa aikin irin wannan leda ya tsaya ne ga tare ƙuda da ƙura da hannun masu taɓawa. Ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, kuma idan babu sanyi takan zama ɗaki mai ɗumi da laima inda ƙwayoyin da aka ƙulle a ciki za su hayayyafa.

Dalilin yankawa

Yankin Funtua da Bakori da Malumfashi ya shahara wajen noman masara da dawa da waken suya da auduga. Da rani kuma fadamunsa kan samar da tumatir da tattasai da albasa, yayin da Danja ta yi suna da tumatir da rake.

Kankana ana nomanta a jihohin arewa da dama, amma abarba da yawancin lemu sai an ɗauko su a mota daga kudu da kuma jihar Binuwai, abin da ke ƙara musu tsada kafin su iso.

Magidanci da yawa ba ya iya sayen kankana guda, ko kuma ba shi da inda zai ajiye ragowarta idan ya fasa. Yankawa ita ce ke ba shi damar sayen daidai ƙarfinsa.

Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, ganin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganyaye a kullum.

Sayar da abu a yanke ba baƙon al'amari ba ne a ƙasar Hausa. An daɗe ana yanka kabewa ana kasawa, ana kuma fere rake. Bambancin shi ne kabewa dafa ta ake yi kafin a ci, kankana kuwa daga leda sai baki.

Abin da wuƙa ke jawowa

Ɗan itace ba ya mutuwa don an tsinke shi. Yana ci gaba da numfashi, yana shaƙar iskar oksijin yana fitar da iskar kabon dayoksaid da ruwa da kuma ɗumi, har zuwa lokacin da zai ruɓe.

Ɓawonsa shi ne rigar da ke rage wannan numfashi, yake riƙe ruwan jikinsa, yake kuma hana ƙwayoyin cuta shiga.

Da zarar an sa wuƙa, numfashin kan ƙaru, ɗan itacen kan fitar da ƙarin wata iska da ake kira etilin, wadda ke gaggauta nuna da laushi.

Wasu sinadarai da ke ɓoye a cikinsa kan haɗu da iska su canza masa launi. Wannan ne ya sa gauta ko dankali kan yi duhu jim kaɗan bayan an yanka.

Abin da ya fi muhimmanci ga lafiya shi ne ruwan da ke tsattsafowa daga wurin yankan. Ruwa ne mai sukari, wanda ƙwayoyin cuta ke samun abinci a cikinsa.

Kankana a ƙasa take kwanciya tun daga gona, inda take haɗuwa da taki da ruwan ban-ruwa. Idan ba a wanke bayanta ba, wuƙar da ta ratsa ɓawo ita ce za ta kai dattin har tsakiya.

Haɗarin kuma ba ɗaya ba ne a tsakanin 'ya'yan itatuwa. Abarba da lemu suna da tsami sosai, kuma tsami na rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfin yaɗuwa. Kankana da gwanda da kokwamba ba su da wannan kariya.

Ba duk leda ce ɗaya ba

Sinadarin da ake yin leda da shi, wato foliyetilin, an gano hanyar sarrafa shi ne a wani ɗakin bincike na kamfanin ICI a Ingila a 1933. Jakar leda mai hannu kuwa wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, ne ya tsara ta, aka yi mata rajista a 1965.

A yau akwai nau'o'in roba da dama da ake zuba abinci a ciki, kuma akan gane su ta wata lamba da ake bugawa cikin alama mai kusurwa uku a gindin mazubi.

Lamba 1 ita ce robar kwalbar ruwa da lemo, wadda kuma ake yin ƙananan mazubai masu murfi da ita, irin waɗanda manyan kantuna ke zuba yankakkun 'ya'yan itatuwa. Lamba 2 da lamba 4 dangin foliyetilin ne, daga cikinsu ake samun ledar kasuwa da ta ruwan sha. Lamba 5 ta fi jure zafi, shi ya sa ake zuba dafaffen abinci a cikinta.

Baƙar leda dai sau da yawa daga tsohuwar robar da aka narkar ake yin ta, kuma ba don ta taɓa abinci kai-tsaye aka yi ta ba.

Mutane da dama na fargabar cewa sinadaran leda na shiga cikin abinci. Masana na cewa hakan ya fi faruwa ne idan abincin na da zafi ko maiƙo, kamar ƙosai ko koko ko alalen da aka dafa a leda. Ga ɗan itace mai sanyi da ruwa-ruwa, babbar barazanar ita ce ta ƙwayoyin cuta.

Ledar da ke numfashi

A Turai da Amurka, sana'ar sayar da yankakken salak a leda ta kafu ne a shekarun 1980, kuma ta dogara ne a kan wata dabara ta sarrafa iskar da ke cikin ƙunshin.

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kimanin kashi 21 cikin 100. Idan aka rage shi zuwa 'yan kashi kaɗan, aka kuma ƙara kabon dayoksaid, numfashin ganyen kan ragu, sai ya daɗe bai yi yaushi ko duhu ba.

Don haka kamfanoni kan zaɓi leda mai kauri da yanayin da ya dace da kowane irin ganye. Wata ma akan huda mata ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, domin iska ta riƙa shiga da fita daidai gwargwado. Wata kuma akan shafa mata abin da zai hana ta yin raɓa daga ciki.

Idan lissafin ya kuskure, oksijin ya ƙare ƙaf, abin da ke ciki kan fara tsami da warin barasa. Masu sayar da kankana sun san wannan wari a ledar da ta wuni a rana.

Manoman yankin Tsiga sun san wani ɓangare na wannan dabara ta hanyar buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007 domin ajiyar wake.

A cikin wannan buhu, rashin iska ne ke kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba. Amma sharaɗinsa shi ne hatsin ya bushe sarai. Duk manomin da ya ɗaure wake da sauran laima ya san cewa fumfuna zai tarar.

Kankana kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Abin da ke ceton busasshen wake ba zai cece ta ba.

Sanyi ne ginshiƙi

Ko a ƙasashen da ke da waccan leda ta musamman, ba ita kaɗai ke aikin ba. Daga masana'anta zuwa mota zuwa kanti, kayan ba sa fita daga cikin sanyi.

Ƙa'idar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta shimfiɗa wa masu sayar da abinci ta ce a ajiye yankakkiyar kankana da yankakken tumatir da ganyen salak a sanyin da bai wuce maki 5 a ma'aunin Salshiyos ba. Idan an fitar da su daga sanyi, to a sayar ko a zubar cikin sa'o'i huɗu.

Ga magidanta kuwa, shawarar ita ce kada su bar irin wannan abinci a waje fiye da sa'o'i biyu, ko sa'a ɗaya idan zafi ya haura maki 32.

A watannin Maris da Afrilu, zafin rana a kudancin Katsina kan haura maki 35, kuma cikin ledar da rana ke duka ya fi waje zafi.

A irin wannan yanayi wasu ƙwayoyin cuta kan ninka yawansu a duk minti 20. A lissafi, ƙwaya ɗaya na iya zama fiye da 4,000 cikin sa'o'i huɗu.

Ke nan kankanar da aka yanka bayan sallar azahar, aka sha ruwa da ita da magariba, ta riga ta wuce wa'adin da masana suka gindaya, ko da kuwa launinta da ɗanɗanonta ba su canza ba.

Hakan ya faru ko a inda ake da firiji. A 2018 cutar salmonela da aka alaƙanta da yankakkun kankana da danginta da aka sayar a mazuban roba ta kama mutum 77 a jihohi 9 na Amurka. A 2019 an sake samun irin wannan, inda mutum 137 suka kamu a jihohi 10.

An gano waɗannan ne saboda akwai tsarin bin sawun cuta har zuwa masana'antar da ta fito. A ƙauye kuwa, wanda ya kwana yana gudawa yakan ɗora laifin a kan zafi ko shawara, ba kasafai ake waiwayar abin da aka ci ba.

Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya a duk shekara saboda gurɓataccen abinci, dubu 420 daga cikinsu na mutuwa. Nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki idan aka kwatanta da yawan jama'arta, inda aka ƙiyasta mutuwar mutum dubu 137 a shekara.

A 2021 Najeriya ta yi fama da annobar kwalara, inda hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoton fiye da mutum dubu 100 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 kuma suka rasu. Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar yaɗuwar kwalara, kuma ruwan da ake wanke wuƙa da shi ko ake yayyafa wa latas don kada ya yi yaushi na cikin wannan lissafi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da jami'an lafiya ke yawan jan hankali a kanta, wato hura leda da baki domin ta buɗe kafin a zuba abinci.

Tsakanin kwando da kiret

Akwai inda roba ta nuna amfaninta a fili, wato wajen jigilar kayan gwari tun ba a yanka ba.

Tumatirin Danja da Ƙafur kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa kasuwanni irin su Mile 12 a Legas, galibi cikin kwanduna da ake ɗora wani kan wani. Na ƙasa kan matse, tsinin kwandon kan huda na gefe.

Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya na lalacewa kafin ya kai tukunya.

Kiret na roba mai ƙofofin shan iska, wanda ke ɗaukar kimanin kilo 25, na rage wannan asara, domin nauyin na sama a kan kiret ɗin yake sauka ba a kan tumatirin ba. Ana kuma iya wanke shi a yi ta amfani da shi shekara da shekaru.

Abin da ke hana shi yaɗuwa shi ne tsadarsa, da kuɗin dawo da shi arewa babu komai a ciki, da kuma sabon da 'yan kasuwa suka yi na yin ciniki da kwando a matsayin ma'auni.

Bayan an jefar

Ledar kankana ba ta wuce aikin 'yan sa'o'i, amma takan shafe shekaru masu yawa ba ta ruɓe ba.

A yankin noma irin na Tsiga wannan na da wata illa ta daban. Manoma sun saba kwashe juji da sharar gari su kai gona a matsayin taki, kuma buƙatar hakan ta ƙaru tun da takin zamani ya yi tsada. A yau kowace amalanke ta shara na tafe da leda, wadda ke maƙalewa a garma, ta tare ruwa da saiwar shuka.

Awaki da tumaki da shanu kan haɗiye leda, musamman wadda ke da zaƙi ko gishirin abinci a jikinta. Ledar kan dunƙule a tumbi, dabba ta riƙa ramewa tana cin abinci ba ya yi mata amfani. Mahauta sun saba cin karo da irin wannan dunƙule idan sun yi fiɗa.

Da damina leda kan toshe magudanan ruwa. Ƙona ta kuma, ko hura wutar girki da ita kamar yadda ake yi a gidaje da dama, na fitar da hayaƙi mai cutar da huhu.

Ƙungiyar OECD ta ce a 2019 duniya ta samar da roba tan miliyan 460, kuma kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba aka sake sarrafawa.

Matakan gwamnatoci

Bangaladash ce ƙasa ta farko da ta haramta siririyar leda a 2002, bayan an gano rawar da ta taka wajen toshe magudanai a lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya kuma a 2017.

Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar hana shigo da leda da sayar da ita a 2014, ko da yake har yanzu ledar na nan a kasuwannin Maraɗi da Yamai.

A Najeriya, gwamnatin tarayya ta amince da manufar kula da sharar roba a 2020, sannan a 2024 ta hana amfani da robar da ake jefarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatunta. Jihar Legas ta haramta mazuban abinci na soso a farkon 2024, ta kuma faɗaɗa haramcin zuwa siririyar leda daga Yulin 2025.

Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana ƙunshe ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyaye da ba su kai kilo ɗaya da rabi ba a cikin roba daga 2030. Amma dokar ta tsaya ne a kan waɗanda ba a sarrafa ba. Wanda aka yanka ya rasa ɓawonsa, dole a sama masa wata rigar.

A matakin duniya kuwa, taron da aka yi a Janiba a watan Agustan 2025 domin ƙulla yarjejeniya kan sharar roba ya watse ba tare da an cimma matsaya ba.

Abin da ke hannun jama'a

Mai tallar kankana ba shi da firiji, kuma duk yankin da ya kwana asara ce daga ɗan jarinsa. Wannan ne ke sa wasu sayar da na jiya tare da na yau.

Masana na ganin akwai matakan da ba sa buƙatar wutar lantarki. Na farko shi ne a wanke bayan ɗan itacen da ruwa mai tsafta kafin a yanka, a wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu, kuma kada a haɗa wuƙar da wani aikin.

Na biyu shi ne a riƙa yanka kaɗan-kaɗan gwargwadon ciniki, a ajiye tiren a inuwa. Inda ake samun ƙanƙara, kular da ake sanya ruwan leda a ciki za ta iya ɗaukar yankakkun 'ya'yan itatuwa.

Ga wanda ba a yanka ba, akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Akan zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakanin tukwanen ƙasa biyu, ruwan na bushewa yana janye zafi daga ta ciki.

Dabarar na tsawaita kwanakin tumatir da gauta da tattasai, kuma ta fi aiki a lokacin da iska ke bushe. Sai dai sanyinta bai kai maki 5 ba, don haka ba ta maye gurbin firiji ga abin da aka riga aka yanka.

Hukumar NAFDAC ta fi mayar da hankali ne a kan abincin da masana'antu ke sarrafawa. Sa ido a kan masu talla a tasha da kasuwa aikin jami'an duba-gari ne na ƙananan hukumomi, kuma su ne ke kusa da masu sana'ar da za su iya koya musu waɗannan matakai.

Shi kuwa mai saye, shawarar da masana ke ba shi ita ce ya nemi a yanka a gabansa, ya guji ledar da ta yi gumi ko ruwa ya taru a gindinta, ya kuma ci nan take ba tare da ya ajiye ba.

Sun ƙara da cewa a fi yin hattara da abin da za a bai wa ƙananan yara da mata masu juna biyu da tsofaffi, domin su ne gudawa da amai suka fi saurin galabaitarwa.